Kafin Takardar Sammaci Ta Iso

'Ya'yana, samari da 'yan matan ikkilisiyoyin Tawa da na ƙauyukan arewacin Adar,

Ran wata Lahadi bayan an tashi sujada, ina laluben takalmina a bakin ƙofa, sai wani yaro daga cikinku ya durƙusa ya gaishe ni. Kun san yadda Lahadi take a garin nan: mu muna waƙa a ciki, amalanke da motocin 'yan kasuwa suna wucewa a waje, don ranar ce babbar kasuwa ke ci. Cikin wannan hayaniya ya ce mini, "Baba, in hukuma ta kama ni saboda bishara, me zan ce musu?" Tambayar ba ta dame ni ba kamar yadda idonsa ya dame ni. Ƙyalli yake yi irin na ɗan kokowar da ya ƙagu a kira sunansa cikin fili. Na san wannan ƙyallin, don ni ma na taɓa yawo da shi. Na ce masa maganar ta fi ƙarfin tsayuwar bakin ƙofa, zan rubuto. Ga shi na rubuto, gare shi da ku duka, kuma da abin kunyata zan fara, don ku san wanda ke muku magana.

Ina ɗan shekara ashirin da 'yan kai, mu uku muka ɗauki jakar ƙananan littattafai na boko da na ajami, da rediyo mai cin kaset, muka nufi wani ƙauye arewa da nan ana gobe kasuwarsu. Wani tela ne ya sauke mu. Shekarun baya ya yi jinyar ƙanensa a asibitin Galmi, a can ya ji labarin Yesu, ya dawo gida da 'yar Linjila da yake ɓoyewa ƙarƙashin ƙyallayen ɗinki. Ba wanda ya sani sai matarsa. Ita ta dama mana fura da dare, ta aiko zaure cikin ƙwarya an rufe da faifai. Da za mu kwanta telan ya ce, a hankali kamar mai roƙo, "Da safe ku fara zuwa ku gai da mai gari." Ni na amsa masa. Na ce mu ba izinin mutum muke nema ba, Allah ne ya aiko mu. Ya yi shiru, ya rage fitila.

Gari na wayewa muka kafa kaset kusa da rumfar mahauta, muka ƙure murya. Kafin azahar ɗan aiken mai gari ya zo, bayansa jandarma biyu. Aka kai mu ofishinsu aka zaunar kan benci. Ba wanda ya taɓa mu ko da yatsa. Aka dai bar mu da ƙishirwa da tunani har rana ta yi ja. Sannan aka shigar da ni, ni kaɗai, gaban wani mai igiya a kafaɗa yana buga keken rubutu da yatsa biyu. Sunanka. Sunan mahaifinka. Ina katinka? Na baro shi Tawa. Ina takardar ƙungiyarku? Ban ma san akwai ta ba. Ya ɗago kai ya ce, "Ina kuka kwana jiya?" Na faɗi sunan telan. Bai ƙara tambayata komai ba, amma bakina ya riga ya kwance, sai na ɗora da cewa ai ɗan'uwanmu ne mai bi. Ina jin keken yana buga maganar harafi bayan harafi.

Washegari fastonmu ya zo da takardu, aka sake mu da gargaɗi. Muka dawo muna waƙa a bayan mota. Ran Lahadi muka ba da shaida cewa mun sha tsanani saboda sunan Ubangiji, mata suka yi guɗa. Bayan mako uku labari ya iso: surukan telan sun zo sun tafi da 'yarsu da yara biyu, an karɓe gonar aron da yake nomawa, kekensa yana nan amma ba mai kawo ɗinki. Mu kwana ɗaya muka yi kan benci. Shi ya yi ta biyan kuɗin kwanan nan shekara da shekaru.

Tun daga ranar nake tsoron kalmar "ƙarfin hali" in ta fito daga bakin wanda bai shirya ba. Ku tuna Bitrus. A wurin jibin ƙarshe shi ya fi kowa cika baki cewa ko mutuwa ce zai bi Ubangijinsa. Kafin zakara ya yi cara ya yi musun saninsa sau uku, kuma ba gaban gwamna ya fara faɗuwa ba. Baranya ce ta dube shi a bakin wuta ta ce ta gane fuskarsa. Wannan Bitrus ɗin dai shi ne daga baya ya tsaya gaban majalisar da ta hukunta Yesu, ya yi magana murya ba ta rawa. Tsakanin tsayuwar nan biyu akwai kuka mai zafi, akwai gafara a bakin teku, akwai kwanakin addu'a tare da 'yan'uwa cikin ɗaki ɗaya, akwai saukowar Ruhu Mai Tsarki. Mu kuwa so muka yi mu tsallake duk wannan, mu dira kai tsaye cikin sura ta huɗu ta Ayyukan Manzanni.

Kafin komai ku koyi kiran abu da sunansa. Gwamnatin Nijar ba farautar Kirista take yi ba, kuma duk wanda ya ce muku haka, ko da kuwa shi ke aiko mana da taimako daga waje, bai faɗi gaskiya ba. 'Yan kaɗan ne mu, ƙidayar 2012 ta nuna ba mu kai ɗaya cikin ɗari ba. Amma tun 1950 asibitin mishan ke aiki a Galmi kowa yana gani, ƙungiyoyinmu suna da rajista a ma'aikatar cikin gida, Kirsimeti ranar hutu ce ta ƙasa, tsarin mulkin 2010 kuma ya raba addini da gwamnati ya bar wa kowa abin da ya gaskata. A Janairun 2015, da aka ƙona majami'u a Damagaram ran 16 da Yamai ran 17 kan zanen ɓatancin jaridar Charlie Hebdo ta Faransa, mutum goma suka rasu, 'yan sanda suka ƙirga majami'a 45 a Yamai kaɗai. Ba hukuma ce ta kunna wutar ba. A Damagaram barikin soja ne ɗaruruwan Kirista suka fake, wasu kuma maƙwabtansu Musulmi ne suka ɓoye su cikin ɗaka. Shugaban ƙasa na lokacin, Mahamadou Issoufou, ɗan Dandaji nan cikin Adar, ya fito ya yi tir da abin. In an ce jami'an tsaro sun makara, to an faɗa. Amma makara daban, farauta daban.

Hukuma tana da iyakokin da ta shata, kuma wajibinku ne ku san su. A watan Yunin 2019 majalisar dokoki ta amince da dokar gudanar da ibada, wadda ta ba gwamnati ikon sa ido kan gina wuraren ibada da kuɗin da ke shigowa dominsu. Cikin rigimar dokar nan ne, bayan an kama wani limami da ya soke ta, masu zanga-zanga suka ƙona wata majami'a a unguwar Zariya ta Maraɗi, alhali Kirista ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. An daɗe kuma da hana taron wa'azi a fili don dalilin tsaro, kuma hanin ya shafi kowane addini. Daga 26 ga Yulin 2023 an dakatar da wancan tsarin mulki, a Maris na 2025 aka kafa sabon kundi a madadinsa. Saboda haka abin da kakanku ya sani na doka ba lalle ne ya ishe ku ba. A kowace ikkilisiya ya kamata a sami mutum ɗaya da aikinsa bin takardun nan. Wanda aka kama da lasifika a tsakiyar kasuwa ba izini, doka ya taka, wadda za ta kama malami ma in ya yi haka. Kada ya dawo yana neman guɗa kamar yadda na yi.

Sai dai doka ɗaya ce, hannuwan da ke riƙe da ita ba ɗaya ba ne. Matsin da muka sani a nan ba kasafai yake zuwa da ankwa ba. Zuwa yake da "ka dawo gobe". Takardar filin majami'a ta kwanta cikin akwatin ofis har ta yi ƙura. A rasa inda za a binne mai bi a ƙauyensu. Mai gari ya kira uban yarinyar da ta fara zuwa sujada, ya yi masa magana biyu a zaure, kashegari a sa mata ranar aure. Irin wannan ba ya shiga rediyo, amma shi ya fi karya mutane, don ba ka da wanda za ka nuna ka ce ga maƙiyi. Sau da yawa kawunka ne, kuma yana ganin ceton ka yake yi.

Tsananin hukuma na gaske kuwa, mai kurkuku da kisa, ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A Kano, zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, an yi wani Malam Ibrahim da ya zurfafa cikin abin da Alƙur'ani ya faɗa a kan Annabi Isa har ya tara almajirai, aka riƙa kiransu Isawa. Babu ɗan mishan ko ɗaya a Kano a lokacin, kuma ba Kirista ba ne irinmu. An nemi ya janye, ya ƙi, aka tsire shi a kasuwar Kurmi. Almajiransa suka watse wajen Ningi da wasu wurare, suka riƙe abin da ya koya musu har jikoki, sai a 1913 wasu daga cikinsu suka iske ɗan mishan Likita Miller a Zariya. Aka kafa musu gari a Gimi, ciwon barci ya zo ya cinye yawancinsu. Abin da ke tsaya mini a labarin shi ne tsawon riƙon: mutane ba littafi, ba majami'a, ba mai aiko da ko dala, sai abin da ke cikin kai.

Na zamaninku ma yana nan. Bayan an kashe ɗaliba Deborah Samuel a Sakkwato ran 12 ga Mayun 2022, wata ma'aikaciyar lafiya a Warji ta jihar Bauchi, Rhoda Jatau, uwar 'ya'ya biyar, ta tura wa abokan aikinta wani bidiyo ta WhatsApp mai yin tir da kisan. Aka kama ta cikin watan nan, ba ta sami beli ba sai Disamban 2023, kotu ba ta wanke ta ba sai Disamban 2024. Danna waya sau ɗaya, wata goma sha takwas a tsare. Mu ma nan dokar laifukan intanet tana nan tun 2019, a Yunin 2024 kuma aka maido da hukuncin ɗauri kan abin da aka ga zai ta da hankalin jama'a. Ku kuma masu tafiya biɗa Tamanrasat da sauran garuruwan Aljeriya, ku sani tun 2006 akwai dokar da ke ɗaure mutum shekara biyu zuwa biyar in an ce ya nemi girgiza imanin Musulmi, ko da ta hanyar raba littafi ko faifai, kuma daga 2017 an rufe yawancin majami'un 'yan bishara na ƙasar. Ɗan katin waƙoƙi da wa'azin da kake saurara a Tamaske ba wanda ya kula, a can shaida ce a gaban alƙali.

To me za a yi? Ba a fafe gora ranar tafiya. Da ni ke da iko, kowace ƙungiyar matasa sai ta riƙa yin abin da wani dattijonmu, Allah ya ji ƙansa, ya fara yi da mu bayan abin da ya faru a ƙauyen nan. Bayan sujadar yamma yakan shimfiɗa tabarma ya ɗora kujera ɗaya, ya zauna a kai ya ɗaure fuska, ya zama kwamanda. A shigo da mu ɗaya-ɗaya. Wani lokaci ya yi tsawa, wani lokaci ya miƙo shayi yana murmushi, kuma mai shayin ya fi kayar da mu. "Ɗana, ai ni ma ina son in ji. Su wa da wa kuke taruwa?" Kafin ka farga ka lissafa mutum biyar. Sai ya sauko daga kujera ya ce, "Ka kashe gida biyar. Sake fita ka shigo." Muna dariya, amma kowa gumi yake yi. Ɗan kokowa ba a filin kokowa na Hamidine Maïdaré yake koyon kamu ba. A rairayin bayan gari yake shan ƙasa tukuna, inda ba makaɗi ba 'yan kallo.

A kan tabarmar nan na koyi jimlar da na rasa ranar da nake bukatarta: "Ranka ya daɗe, abin da ya shafe ni zan faɗa maka duka. Na wani kuwa, sai shi." Babu ƙarya a ciki, babu raini, babu kuma sunan kowa. Kada ku yi wa hukuma ƙarya. Ranar da aka kama ka da ƙarya guda, shaidarka duka ta zube, ta 'yan'uwanka ma ta bi ta. In an tambaye ka ko kai Kirista ne, ka ce i. In an tambaye ka me ka gaskata, ka faɗa a natse. Amma bangaskiyar wani amana ce a hannunka. Shi ya san matarsa, ya san surukansa, ya san wa ke da gonar da yake nomawa, shi ke da ikon zaɓar ranar da zai fito fili. Yau ma ba sai ka buɗe baki ba, wayarka za ta yi maka surutun. Hoton baftismar wani da ka sa a Facebook don murna, da jerin sunayen da ke cikin ƙungiyar WhatsApp, sun fi bakina na wancan yammaci sauri.

Ku riƙe takardunku, kuma kada ku ji kunyar neman haƙƙinku. Wasu suna ganin ambaton doka rashin bangaskiya ne. Su koma su karanta Bulus. A Filibi an yi masa bulala tare da Sila an jefa su kurkuku ba shari'a. Da safe mahukunta suka aiko a sallame su a ɓoye, ya ce sam, shi ɗan ƙasar Roma ne, su zo da ƙafarsu su fitar da shi. Suka zo. Ba girman kai ya sa shi ba, a ganina. Yana barin 'yan ƙananan masu bi a garin, yana so hukuma ta yi tunani sau biyu kafin ta taɓa su. A Urushalima ma an ɗaure shi za a yi masa bulala ya ta da maganar 'yancinsa, daga baya ya ɗaukaka ƙara har gaban Kaisar. Kai ɗan ƙasar nan ne. Kakanninka suna kwance cikin ƙasar Adar. Ka yi magana da ladabi, amma ba kamar baƙon da aka yi wa alfarma ba.

Gaisuwar mai gari kuwa, wadda na raina, ita ce rabin aikin. Ka je da goronka tun ba abin da ya faru, ka faɗi ko kai ɗan wane ne da abin da ke tafe da kai. Ka je sunan jikansa, ka je gaisuwar rasuwa, in ana gayyar gyaran rijiya ko jera duwatsu a gona don tare ruwa, kamar yadda aka saba a Keita, a gan ka da tufafin aiki. Ranar da magana ta taso, bambancin "wasu yara" da "ɗan gidan wane, na san shi" shi ne bambancin kwana a gida da kwana kan benci.

Akwai shirin da ya fi duk waɗannan, shi ne ka san abin da ka gaskata da Hausar da mai tallar fura za ta gane. Da yawanku kuna iya bayani da Faransanci, amma in tsoho ya tare ku a gindin bedi ya ce, "Wai da gaske kuna cewa Allah ya haihu?" sai ku hau kame-kame ko ku hau fushi. Tambaya ce ta gaskiya, kuma abin da yake ƙyama mu ma ba shi muke nufi ba. Ka zauna da malamanka ka koyi amsa ta gajeriya, mai tsabta, wadda ba ta ɓoye komai ba. Littafi Mai Tsarki cikakke yana nan da Hausa tun 1932. Ku haddace shi gwargwadon iko. Muna zaune cikin mutanen da yaro ɗan shekara goma sha biyu ke riƙe da izu sittin a ka, mu kuwa Zabura ɗaya tana gagarar mu. Abin kunya ne. Littafi ana ƙwacewa, waya tana mutuwa. Kuma ko da wasa kada bakinku ya taɓa Annabin Musulmi ko Alƙur'aninsu da kalmar raini. Ba don tsoro kaɗai ba: ba a aiko mu zagi ba, kuma ba wanda ya taɓa buɗe zuciyarsa ga mai zagin abin da ya fi ƙauna. Maƙwabtanmu sun san tsananin masu mulki a tarihinsu. Sahabban farko da Ƙuraishawa suka matsa wa, wurin sarki Kirista suka gudu, Najjashi na Habasha, kuma da aka tsayar da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib a fada kan maganar Annabi Isa, ya faɗi abin da ya gaskata bai rage ba, bai kuma ci mutuncin mai masaukinsa ba. Ni Kirista ne, amma tsayuwar nan tana burge ni, kuma ina ganin akwai abin koyi a cikinta.

Arewa da mu kuwa maganar ta sauya. Can wajen Tiliya da Tasara akwai waɗanda suka naɗa kansu hukuma da bakin bindiga, suna karɓar dabbobi da sunan zakka. Su ba kati suke tambaya ba. Daren 14 ga Oktoban 2016 aka shiga gidan Jeffery Woodke a Abalak, Ba'amurken da ya yi sama da shekara ashirin yana aikin taimako tare da makiyaya, aka kashe mai gadinsa da wani jami'in tsaro, aka tafi da shi; sai ran 20 ga Maris 2023 ya sami kansa. Ran 21 ga Maris 2021 aka kashe mutum 137 a Intazayen da Bakorat da Wistan. Waɗannan Musulmi ne, makiyaya. Ina faɗa muku wannan don kada ku mai da makokin yankin nan namu mu kaɗai. Ina kuma faɗa don kada wani ya ruɗe ku cewa kauce wa irin wurin nan ragwanci ne. Bulus da kansa a cikin kwando aka zurara shi ta garun Dimashƙu da dare. Sifriyan, bishof na Kartaj a Tunisiya ta yau, ya ɓuya a shekara ta 250 lokacin da sarkin Roma Desiyus ya tilasta wa kowa yin hadaya ga gumaka, yana kiwon ikkilisiyarsa ta wasiƙu. A 258 da lokacinsa ya yi, ya tsaya aka sare kansa. Mutum ɗaya ne, ya gudu sau ɗaya ya tsaya sau ɗaya, kuma ban ga inda ya yi kuskure ba. Kada kowa ya kai kansa mahauta don a yi masa waƙa, balle ya ja matarsa da 'ya'yansa.

Yanzu bari in juya ga dattawa, ko da yake ba su na rubuta wa ba. Ku karanta musu. Muna tura yara su yi shaida gabagaɗi, amma ina rumbun da muka tanada? In an kori yarinya daga gida yau da dare, ɗakin wa za ta kwana, kuma wace uwa ce cikin zumuntar mata za ta riƙe ta yadda ba za a yi mata ƙazafi ba? In an daina sayen kayan mutum, wa zai saya? Telan nan ba wa'azi ya rasa ba. Buhun hatsi ya rasa, da wanda zai kawo masa yadi biyar ya ɗinka. Ikkilisiyar da ba ta ware mudu ɗaya cikin goma tun kaka don irin wannan rana ba, ta rage murya wajen koyar da ƙarfin hali.

Ku kuma shirya yadda za ku karɓi wanda ya faɗi, don za a faɗi. Bayan tsananin Desiyus ikkilisiyar Kartaj ta kusa tsagewa kan waɗanda suka yi hadayar da waɗanda suka sayi takardar shaida da toshiyar baki. Wasu suka ce a rufe musu ƙofa har abada. Sifriyan ya ce a bar ta a buɗe ga mai tuba. Wata rana ɗan'uwanku zai dawo daga zauren mai gari ya ce ya janye, ko ya daina zuwa kwatsam, in kun haɗu a kasuwa ya kau da kai. Ba ku san abin da aka ɗora a kan ma'auninsa ba. Ku gaishe shi. Ku ci gaba da gaishe shi.

Shekara goma sha ɗaya na yi ban taka ƙauyen nan ba. Ranar da na koma, ƙofar mai gari na fara tsayawa. Tsohon ya rasu, ɗansa ke kai. Na ajiye goro, na faɗi sunana da wurin wanda na zo. Na iske telan a rumfarsa, ana saura kwana shida Sallah, yadudduka sun taru har kan tabarma. Ashe mutane sun dawo ɗaya-ɗaya, don ba ya cin ƙyalle, ba ya kuma saɓa rana. Matar ba ta dawo ba. Babban yaron ne ya dawo da kansa da ya yi hankali, ga shi can yana sa maɓalli. Gemun telan ya yi fari. Linjilar nan tana kan teburin keke a fili, ya danne ta da almakashi don iska.

Na durƙusa na fara maganar da na shirya tun daga tasha. Ban kai rabi ba ya miƙo mini gefen wata shadda ya ce, "Riƙe mini nan." Na riƙe. Ya ja alli, ya ɗauki almakashin ya yanka har ƙarshe, takardun Linjilar suna ta kaɗawa. Sai da ya ninke ya ajiye sannan ya dube ni.

"Ka gai da mai gari?"

Na ce na gaishe shi.

Ya juya wajen yaron ya ce, "Tashi ka karɓo mana fura, baƙon nan daga Tawa yake."